Me ya sa majalisar birni ta tsallake mai araha a kwangilar cire asbesto?

Tambayar da aka aiko ita ce: majalisar birni za ta gyara wani tsohon ɗakin karatu na jama'a, aka samu asbesto a cikin ginin, kamfani uku suka nemi aikin cire shi, aka tsallake wanda ya fi kowa araha aka ba na biyu, an shafe watanni ana abu ɗaya, yanzu kuma ɗan kwangilar ya dawo yana neman ƙarin kuɗi. Mai tambaya yana so ya ji, wannan ba cuwa-cuwa ba ce kuwa?

Toh ɗan'uwa, na yi shekaru ina aiki a sashen ayyuka na majalisar birni, ni nake rubuta takardar sharuɗɗan irin wannan kwangilar kuma ni nake tsayawa a wurin aiki in ga abin da ake yi, don haka bari in faɗa maka yadda abin yake daga ciki. Zai iya zama cuwa-cuwa, ba zan rantse maka a kan mutanen da ban zauna da su ba. Amma abubuwa ukun da ka lissafa, tsallake mai araha da daɗewa da neman ƙari, ko wanne a cikinsu yana faruwa a aikin da aka yi shi tsakani da Allah. Inda ake gane gaskiya wani wuri ne daban, kuma zan nuna maka shi.

Ka fara riƙe wannan. Idan majalisa ta ba da kwangilar titi aka yi aikin banza, damina ɗaya za ta tona asiri, kowa ya ga rami da idonsa. Asbesto ba haka yake ba. Wani ma'adini ne da ake haƙowa daga ƙasa, jikinsa zare-zare ne, wuta ba ta cin sa, zafi ba ya ratsa shi, shi ya sa aka yi ta zuba shi a gine-gine kusan duk tsawon ƙarni na 20, a silin, a kwanon rufi na siminti, a tayil ɗin ƙasa da gam ɗin da aka manna shi, a naɗin da ake yi wa bututun ruwan zafi. Kala uku aka fi amfani da su, fari da ruwan ƙasa da shuɗi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce dukkansu suna jawo kansa, har farin da wasu ke cewa da sauƙi. In ya farfashe zaren da yake saki ido ba ya ganin sa, ba ya wari, ba ya sa ka tari a lokacin, ka shaƙe shi ka tafi gida lafiya lau. Sai bayan shekara 20, 30, wani ma 40 ko fiye, sannan ciwon ya fito, ko tabon huhu da ke hana numfashi, ko kansar huhu, ko wadda ake kira mesotiliyoma da ke kama tantanin da ya lulluɓe huhu, ita kam har yau ba ta da maganin warkewa. A Birtaniya an hana shuɗi da ruwan ƙasa tun 1985, aka hana farin a 1999, amma har yanzu mutum wajen 5,000 ke mutuwa a can duk shekara saboda ƙurar da suka shaƙa tun da daɗewa. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, toh a wannan aikin ido bai san komai ba. Ɗakin da aka share shi da kyau da wanda aka bar shi cike da guba, in ka shiga duk ɗaya za ka gan su.

Kaga kenan majalisa ba ta da hanyar da za ta duba aiki ta ce ya yi. Abin da take saye a gaskiya shaida ce, wato wa ya gwada, yaushe, da me, kuma wa ya biya shi. Duk tsarin kwangilar a kan wannan ya tsaya.

Tun kafin a yi maganar ɗan kwangila sai an fara da bincike. Ana ɗauko masani mai lasisi ya zagaya ginin ya yanko samfur daga silin da bango da bututu ya kai ɗakin gwaji, don ba a gane asbesto da kallo, sai an sa a na'ura. A Amurka duk kayan da asbeston cikinsa ya wuce kashi 1 cikin 100 doka tana lissafa shi a matsayin mai asbesto. Binciken kuma iri biyu ne, kuma nan ne majalisu da yawa suke faɗawa rami. Akwai na sama-sama wanda ake yi wa ginin da mutane ke ciki, a duba abin da hannu ke kaiwa a rubuta halin da yake ciki. Akwai kuma na gyara ko rushewa, wanda sai an fasa bango an ɗaga dabe an leƙa saman silin an bi bututu har inda ya shige. Na biyun ya fi tsada ya fi ɓata gini, sai ka ga an ce a yi amfani da rahoton farko kawai tunda yana nan a fayil. Ranar da aka faɗi wannan maganar ranar aka haifi ƙarin kuɗin da kake kuka da shi yanzu.

Wani abu da mutane ba sa so su ji, ba kullum cirewa ne daidai ba. Asbeston da yake daskare cikin siminti, bai tsage ba, ba mai taɓa shi, sau da yawa ya fi aminci a bar shi a wurinsa a shafe shi da abin rufewa a sa masa alama a rubuta shi a rajista a riƙa duba shi. Dokar Birtaniya ta 2012 abin da ta ɗora wa mai kula da gini shi ne ya san inda yake ya kula da shi, ba ta ce lallai ya cire ba. Dokar makarantu ta Amurka ta 1986 ita ma haka, a riƙa leƙa shi duk wata shida a sake cikakken bincike duk shekara uku. Wanda ke da haɗari sosai shi ne mai marmashewa, wanda in ka murza da yatsa zai zama gari, irin naɗin bututu da wanda aka fesa a jikin ƙarfe. Amma tunda naku ginin gyara za a yi masa, za a huda a yanka a fasa, toh cirewa ya zama dole.

Daga rahoton bincike ma'aikatan majalisa suke rubuta takardar aiki, mita nawa, a wane ɗaki, wace hanya za a bi, ina za a kai sharar. Sai a yi sanarwa a fili, a ba masu nema rana su zo su zagaya ginin tare, kowa ya kawo farashinsa a rufe, a buɗe su gaba ɗaya a gaban shaidu a ranar da aka sa. A birane da yawa ƙa'idar ba "mafi araha" ce kawai ba, mafi araha ne a cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa kuma suke da ƙarfin yin aikin. Sharuɗɗan nan su ne lasisin aikin asbesto da bai ƙare ba, shaidar horon kowane lebura, gwajin lafiyarsu, inshorar da ta ambaci asbesto da sunansa domin inshorar gini ta gama-gari yawanci tana cire shi, da takardar lamuni daga banki ko kamfanin inshora cewa in ya gudu ya bar aiki su za su biya.

Na taɓa zama a teburin buɗe irin wannan tayin. Huɗu ne, uku farashinsu kusa da juna, na huɗun kusan rabin nasu. Wani kansila da ke wurin fuskarsa ta washe, ya ce ai shikenan mun yi wa jama'a tanadi, kuma ban ga laifinsa ba, kuɗin jama'a yake karewa. Na ɗauki takardar na bi ta layi-layi da biro. Ledar kewaye wurin aiki akwai, lebura akwai, kayan sawa akwai. Layin kwashe shara da binne ta, an rubuta ɗan abin da ko kuɗin motar bai kai ba. Gwajin iska kuma an rubuta cewa kamfanin zai yi da kansa. Muka rubuta masa wasiƙa ya faɗa mana sunan wurin da zai kai sharar da shaidar cewa wurin yana da izinin karɓar asbesto, har ranar da wa'adi ya cika bai amsa ba. Ni a wurina wannan shirun ya gama magana. Aikin asbesto kuɗinsa a bayyane yake, awannin lebura ne da leda da matatar iska da kuɗin binnewa, babu wata dabara da za ta raba shi biyu sai dai a bar wani abu ba a yi ba. Araha ba ta ado, a nan kuma abin da ake ragewa huhun wani ne. Sannan wanda zai fara shaƙa ba kansila ba ne ba kuma mai kamfani ba, yaron da aka ɗauko aikin kwana ne aka miƙa masa takunkumin takarda, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi, daga nan ya tafi gida da ƙurar a rigarsa mai wanki ita ma ta samu rabonta. An sha samun matan ma'aikata da suka kamu da mesotiliyoma ta hanyar wankin kayan aiki kawai, wannan sananne ne a wurin likitoci.

Saboda haka in an tsallake mai araha, tambayar da za ka yi ita ce ina dalilin a rubuce. Dole ya kasance a cikin rahoton da ma'aikata suka kai wa majalisa, an ce lasisinsa ya ƙare, ko bai kawo lamuni ba, ko ya kasa bayanin farashinsa. In dalilin yana nan kuma yana cikin sharuɗɗan da aka buga tun farko, ba ka da abin zargi. In kuwa an ƙirƙiro sharaɗin ne bayan an buɗe ambulan, ko aka ce maka wai "majalisa ta ga ya fi dacewa" ba wani bayani, toh nan kam ka tsaya da ƙafarka.

Su kansiloli ba su suke zaɓen leda ko injin ba, kuma bai kamata ba. Nasu shi ne su amince da kasafi, su amince a ba wane, su sa ido. Maganar takan bi ta kwamitin ayyuka ko na kuɗi, a sa ta a ajandar da ake bugawa kafin zama, wani ya gabatar wani ya goya baya a kaɗa ƙuri'a a rubuta a bayanan zama. Wanda yake da alaƙa da kamfanin, ɗan'uwa ne ko abokin kasuwanci, ya faɗa ya janye daga ƙuri'ar. Abin da ke damuna shi ne a zama ɗaya za ka ga maganar asbesto tana tsakanin sayen tayar motar shara da sabunta lasisin wani shago, wasu majalisun ma suna haɗa ƙananan batutuwa su wuce da su da ƙuri'a guda ba muhawara, sai kwangilar da ta shafi numfashin yara ta wuce cikin minti ɗaya. Kowane kansila yana da damar ya ce a ware wannan a tattauna shi shi kaɗai, kuma ya kamata. Sai ka kula da dabaru biyu da aka saba. Ɗaya, a yanka babban aiki gunduwa-gunduwa don kowane ya faɗo ƙasa da adadin da doka ta ce sai an yi gasa. Biyu, a kira shi aikin gaggawa. Gaggawa ta gaskiya tana faruwa, bututu ya fashe silin ya rufto a ofis, wannan ba a jiran zaman wata mai zuwa. Amma asbeston da yake cikin rahoto shekara biyar ba ya zama gaggawa rana ɗaya.

Maganar daɗewa kuma, wani ɓangaren doka ce ta sa. A Amurka sai an sanar da hukumar muhalli aƙalla kwanakin aiki 10 kafin a fara, a Birtaniya kwana 14 ga aikin da ke buƙatar lasisi. Sannan shirin ya fi cirewar cin lokaci. Ana kashe na'urorin iskar ginin a toshe kafofinsu, a gina ɗaki na leda mai kauri a kewaye wurin a manne ko'ina da tef, a haɗa injin da ke zuƙe iska daga ciki ya tace ta da matatar HEPA, wadda ke kama kashi 99.97 cikin 100 na ƙurar da ta kai ƙanƙantar maikiron 0.3 (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Amfaninsa shi ne ko leda ta huje iska ciki za ta shiga, ba za ta fito ba. In ka tsaya a waje za ka ga ledar ta lotsa ciki kamar cikin mai jan numfashi, ni abin da nake fara kallo kenan da safe kafin in gaisa da kowa, in na ga ta saki ta yi laƙwas na san akwai matsala. Kafin a taɓa komai ana cika ɗakin da hayaƙin gwaji a zagaya ana neman inda zai ɓullo. Akwai ranar da muka zagaya sau biyu ba mu ga komai ba, har an fara sa kaya, sai wani ya ɗaga kai ya ga siririn hayaƙi yana fita ta gefen wani bututu da ya ratsa bango zuwa ɗakin da ma'aikata ke zaune suna aikinsu. Ramin bai kai faɗin yatsa biyu ba. Rabin yini muka rasa a kansa kuma ban taɓa jin haushin wannan rabin yinin ba.

A ciki ana jiƙa kayan ne kafin a ɓamɓare, da hannu a hankali, ba injin gurza ba tsintsiya, a zuba a buhu biyu ɗaya cikin ɗaya a ɗaure a sa alama. Mai fita sai ya bi ta ɗakin wanka, ya yi wanka da takunkumin a fuskarsa sannan ya cire. Duk wannan awanni ne, kuma duk kuɗi ne.

Yanzu ga wurin da na ce zan nuna maka. In an gama, wa zai ce ɗakin ya tsarkaka? Dole ya zama wani daban, wanda majalisa ce ta ɗauke shi kuma ita ke biyan sa kai tsaye, ba ɗan kwangila ba. Ya shiga da tocila ya bi kusurwa-kusurwa da saman bututu, in ya ga ƙura ya mayar da su, sannan ya kafa famfon da ke jan iska ta cikin matata, ya tayar da ƙurar da gangan, ya ƙirga zaren a na'ura. A Birtaniya sai ya yi ƙasa da zare 0.01 a kowace mililita ta iska kafin a sauke leda. In mai cirewa shi ne ya kawo mai gwaji shi ke biyan sa, an ba kura ajiyar nama, ko da kuwa dukkansu mutanen kirki ne, don wanda abincinsa ke hannunka da wuya ya ce maka ka sake aikin kwana uku. Ni in za a ce in zaɓi sharaɗi ɗaya tak a duk kwangilar, wannan zan riƙe.

Kar ka ɗauka tsoro nake ba ka. A Kanbera, babban birnin Ostareliya, an zuba asbesto mai kamar auduga a saman silin gidaje sama da 1,000 a wajen 1968 zuwa 1979. Gwamnati ta yi aikin kwashe shi daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa 1993, mutane suka ci gaba da zama a gidajensu. Bayan shekara 20 aka gano zaren ya riga ya gangara cikin bango da ƙarƙashin dabe, a 2014 aka yanke shawarar saye gidajen a rushe su, da bashin dalar Ostareliya biliyan 1 daga gwamnatin tarayya. Wannan fa aikin gwamnati ne da aka yi da niyyar gyara, ina ga wanda aka yi shi da niyyar a rage kuɗi.

Bayan gwajin iska, wuri na biyu da ake gane gaskiya shi ne shara. Buhun da ya bar ginin bai bar wuyan majalisa ba, a dokokin ƙasashe da yawa mai ginin yana da alhaki har sai an binne shi a wurin da aka ba izini. Kowace mota tana tafiya da takardar rakiya, wurin binnewa ya auna a sikeli ya sa hannu kwafi ya dawo. Sai ka ɗauki nauyin da aka auna ka gwada shi da yawan da rahoton bincike ya ce akwai. In an ce an cire silin ɗaki goma amma rasit ɗin sikeli na ɗaki uku ne, sauran bakwai suna wani kango ko bakin rafi inda yara ke wasa, kuma wataran majalisar ce dai za ta sake biya a kwashe. Shi ya sa ba a biyan kuɗi duka, ana riƙe wani kaso, galibi kashi 5 zuwa 10, sai takardar gwajin iska da ta binnewa sun iso tebur.

Sai ƙarin kuɗin naku. Tsohon gini yana ɓoye abu, wallahi ko an yi bincike mai kyau ana iya ɗaga tayil a tarar da wani tayil ɗin a ƙasansa, ko a fasa bango a ga bututun da ba ya cikin zane. In haka ta faru ɗan kwangila na gari tsayawa yake ya rufe wurin ya kira, kuma ƙarin da zai nema halal ne. Abin da ke kare majalisa shi ne tun a takardar farko a sa kowa ya faɗi farashin kowace mita, ta yadda in an samu ƙari lissafi ne kawai ba ciniki ba, domin in leda ta riga ta tsaya gini a rufe ba ka da bakin ciniki, duk abin da ya faɗa sai ka biya. Wasu sun san haka, su sa farashi ƙasa su ci aikin su rama a ƙari. Toh ka nemi abu uku a kan wannan ƙarin: hoton wurin, sakamakon ɗakin gwaji na sabon samfurin, da sa hannun masanin majalisa cewa ya je ya auna da kansa. Ka kuma duba ko wurin yana cikin inda aka ce an bincika tun farko, in yana ciki toh mai binciken ne ya kamata a fara tambaya, ba baitulmali ba.

Yawancin takardun nan na jama'a ne, ajanda da bayanan zama da jadawalin farashin da aka buɗe, wasu kuma sai ka rubuta wa akawun majalisa ka nema. In akwai lokacin da ake ba jama'a su yi magana a zama, ka je, minti biyu ko uku ake bayarwa, kar ka ɓata su wajen cewa an ci kuɗi don za a ce ka kawo hujja ka rasa. Ka tambayi wane irin bincike aka yi kafin a fitar da aikin, wa ke biyan mai gwajin iska, kuma ina rasit ɗin sikeli na motocin da suka riga suka fita. Ka roƙi a rubuta tambayoyinka a bayanan zama, ka kuma nemi a ajiye kwafin takardar gwajin ƙarshe a cikin ɗakin karatun kansa inda mai gyaran wuta ko famfo da zai zo nan da shekara goma zai same ta kafin ya ɗora injin huda a bango.